Kofin da Na Gyara Ba a Sa Ni Ba

Adireshin da dillalin nan ya rubuta mini a Legas, da na sauka Kanada na bi shi tiryan-tiryan, sai ga ni a shagon wankin kaya. Ba masana'antar ƙarfe, ba ƙamshinta. Injuna sai juyawa suke, wata tsohuwa tana ninke zanin gado. Na miƙa mata takardar, ta duba, ta dube ni, ta girgiza kai. Ta ce ba ni ne na farko da ya zo da wannan takarda ba. Na fito na tsaya a bakin titi da jakata, sanyi yana cin kunnena kamar ana yanka da reza. Filin babanmu na Digil na sayar na ba mutumin nan. Allah ya isa, har gobe ban janye ba.

Sunana Haruna, maƙerin farfaru ne ni, wato masu aikin azurfa da tagulla. Kakanmu daga Kano ya zo Mubi da masabarsa, babanmu ya gada, ni ma na gada. A Kolere duk wanda butarsa ta fashe ko tasar auren uwarsa ta lotsa, ƙofarmu yake zuwa. Amma a shekarun da na baro gida kasuwa ta mutu murus. Dokar hana fita, shingen sojoji kowace kwana, mutanen Kamaru da ke saye a hannunmu sun daina tsallakowa. Na bar matata Rakiya da 'yarmu Ummi, na ce shekara ɗaya in aiko su taho. Bakina ne ya faɗa, ni ban san komai ba.

A tashar mota na zauna ranar, na kira lambar dillalin, a kashe. Na ci gaba da zaginsa da Hausa duk da haka, don in ban zage shi ba kuka zan yi. Sai na ji an ce a bayana, "Kai, wa kake zagi haka da rana tsaka?"

Na juya. Wani dattijo ne gajere, ya naɗe wuya da mayafi, makullin tasi a hannunsa.

"Ɗan ina ne kai?"

"Mubi."

"Mubi ta ina?"

"Kolere."

Ya buga cinya. "Ni Tizhe, ɗan Michika. Tashi, ɗauki kayanka. In ka zauna a nan, gobe gawanka za a ɗauka."

Baba Tizhe shekararsa goma sha wani abu a ƙasar, Kirista ne, ɗakinsa ɗaya da kicin. A nan na kwana wata biyar a kan kujera. Ranar farko ya tuƙa mini tuwon semo da miyar kukar da yake ɓoyo kamar zinariya, ya ɗauko waya ya nemo mini alƙibla, ya ce, "Ga gabas ɗinku can, wajen firiji." Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa, ni kuwa in tsokane shi, shi ya ce ai gara shi, ni da Turancina ko akuya ba zan saya ba. Shi ya kai ni wurin wata lauya mai taimakon baƙi. Ta yi ta rubuce-rubuce har aka ba ni izinin zama na ɗan lokaci. Ta ja mini kunne: kafin ya ƙare, sai na kawo takarda daga mai aikin da ya ɗauke ni, ya sa hannu cewa sana'ar hannu nake yi masa kuma yana so in ci gaba. Da wannan takarda za a sabunta, da ita zan nemi a kawo iyalina. In babu, sai jirgi.

Na kwashe ƙanƙara a ƙofar gidajen mutane, na wanke tukwane a gidan abinci, na ɗauki kwali a sito. Ba mai ba ka takarda a kan wankin tukunya. Wata rana Baba Tizhe ya dawo ya ce ya ɗauki wata fasinja, tsohuwa, tana ƙorafin mai yi mata aiki ya tafi. Shagonta na kofunan kyauta ne da lambobin yabo, ana zana suna a jiki, kuma ana wasa takalman 'yan wasa.

"Wasa takalmi kuma? Baba, takalmi wuƙa ne?"

"A ƙasan nan wuƙa ne. Sa riganka mai kyau."

Sunanta Madam Airin, doguwa, farin gashi, ba ta da yawan magana. Ta miƙo mini takalmi mai ƙarfe a ƙasansa kamar takobi, ta nuna mini dutsen inji. Na ce a raina, yau ga ranar ɗan maƙera. Na wasa shi tas, baki ɗaya, irin wuƙar mahauta, har na aske gashin hannuna da shi don ta gani. Ta karɓa, ta juya shi, sai ta fashe da dariya har da riƙe tebur. Ta ce wanda ya sa wannan zai tsaga ƙanƙarar ya faɗi a kan hancinsa. Ashe ƙarfen ba baki ɗaya ake yi masa ba, ɗan kwari ake fafewa a tsakiya, baki biyu su tsaya daidai wa daida. Ta nuna mini sau ɗaya. Na karɓi ɗaya ƙafar na yi. Ta ɗora kwabo a kai ta hanga, ta daina dariya. Ta ce in zo Litinin.

Haka na shiga duniyar hoki, wanda mu za mu ce ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Ranar da Madam ta fara kai ni filin, na ɗauka faɗa ake yi. Ƙarti sun sha sulke, suna gudu a kan wuƙaƙe, suna bin wani ɗan baƙin faifai da bai kai murfin gwangwanin madara ba, in an haɗu a jikin katanga sai ka ji gum har cikin haƙorinka. Kulob ɗin garin ba na babbar gasa ba ne, amma sana'arsu ce, da ita suke ci. Rabinsu ba haƙoran gaba. Suka saba da ni, suna kawo takalmansu suna cewa sai dai "Harona" ya taɓa. Wanda ya fi manne mini shi ne golansu, Mak, wani ƙato da sai ya sunkuya yake shiga shago. Na sa masa Bijimi. Da na fassara masa ya ji daɗi, har ya sa aka rubuta a gorarsa.

Ana cikin haka labarin gida ya ɓaci. Michika 'yan tayar da ƙayar baya suka fara shiga. Baba Tizhe ya yi mako uku bai san inda tsohuwarsa take ba, yana tuƙi waya na kan cinyarsa. Ban gama ba shi haƙuri ba aka shiga Mubi. Kwana shida wayar Rakiya ba ta shiga. Ina wasa takalmi hankalina na gida, na ɓata biyu, Madam ta ajiye mini shayi ta koma gaba. Rana ta bakwai wata baƙuwar lamba ta kira. Rakiya ce, muryarta ta dushe. Da ƙafa suka fita, ta goya Ummi, suka tsallake kogi, suka bi duwatsu har cikin Kamaru, daga baya aka kwaso su a babbar mota zuwa Yola. Suna gidan wani ɗan uwan babarta, mutum sama da ashirin a tsakar gida ɗaya.

"Baban Ummi, ba na son in dame ka," ta ce, "amma yarinyar nan in ta ji an buga ƙofa sai ta shige ƙarƙashin gado. Yaushe takardar?"

Na ce ta kusa. Kullum amsata ke nan, ta kusa. Ni da nake cika baki a Kolere, ga ni ina cin abinci mai zafi a ɗaki mai ɗumi, matata tana layin banɗaki. Kunya ta fi sanyin ƙasar ci na.

Izinina zai ƙare a farkon bazararsu. Lauya ta shirya takardar, saura sa hannun Madam. Na kai mata, ta sa a aljihun tebur, ta ce in an gama hidimar wasannin ƙarshe za ta zauna ta karanta. Ba ta ce a'a ba, ba ta ce e ba. Mutanen nan ba sa sa hannu a abin da ba su karanta ba, ko uwarsu ce ta kawo.

Wasannin ƙarshen kaka, na fidda gwani, su ne sallar garin. Kulob biyu su yi ta karawa, wanda ya fara cin huɗu ya wuce, ɗayan ya koma gida. 'Yan wasa suka daina aski, kowa ya tara gemu, wai in ka aske sa'a ta gudu. Na ce ikon Allah, ni da na rage nawa a Mubi don kada a sauke ni a shinge, ga Turawa suna tara nasu don ƙwallo. Kuma akwai kofi biyu. Babba na kulob ɗin da ya ci gasa. Ƙarami na mutum ɗaya ne tak, gwarzon da ya fi kowa taka rawa a waɗannan wasanni, ko da kulob ɗinsa bai ci ba. Wannan ƙaramin mijin Madam ne ya ƙera shi tun yana raye, shi ya sa kowace shekara shagonmu ake kawo shi, a goge, a shirya farantin da za a zana sabon suna. 'Yan wasa in sun shigo sai su kewaye shi kamar wuta. Ba mai taɓa shi sai ya ci shi.

Azurfa ce ta gaske, aikin hannu, na yaba wa mamacin. Amma a gefe ɗaya, ƙasa da baki kaɗan, ya lotsa, wuri kamar a sa babban yatsa. Tun ranar da aka ajiye shi idona ke kan wurin. Ko ina na juya sai na gan shi.

Ranar wata Laraba Madam ta ce za ta je duba ƙanwarta a asibiti a wani gari, sai Juma'a da yamma. Ta ce in goge kofin, in yanka farantin. Iyakar abin da ta ce ke nan, ba zan yi mata ƙarya ba.

To, a gidanmu akwai ƙa'ida. Babanmu yakan ce in an kawo maka buta ka liƙe gindi, ka ga hannunta ya karkace, ka miƙe shi, kada ka tambaya, kada ka karɓi ko sisi. Mai kaya ya je gida ya gani da kansa. Maƙerin da ya mayar da kaya da lotsawa a jiki, ya ce ba a sa shi ba, ya zubar da mutuncin maƙerarsu. Da wannan aka san mu. Ga shi kuma ina neman abin da zan yi matar nan ta san ba mai wasa takalmi kawai ta ɗauka ba. Na ce shekara da shekaru an rasa mai hannun da zai gyara, yau Allah ya kawo ɗan Kolere.

Na kwance kofin daga gindinsa. Na cika jakar fata da yashi na ɗora shi. Ba ni da masabar gida, sai na fere guntun katako mai santsi, na naɗe kan ƙaramar guduma da fata. Daga ciki na dinga bi, kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya, yadda babanmu ya koya mini, kana bugu kana saurare. Yini guda na yi a kan wurin da bai fi kwabo ba. Da na gama na goge, wallahi ko ni sai da na nemi wurin na rasa. Na tsaya ina kallon fuskata a jiki, ina jin kaina kamar sarkin maƙera.

Juma'a da hantsi Bijimi ya shigo da takalmansa. Kulob ɗinmu ya kai karon ƙarshe, shi ne ma ya kai su, don raga ta zama tasa shi kaɗai. Ya gaishe ni, ya saci kallon kofin kamar yadda suke yi, ya wuce. Sai ya dawo da baya. Ya zagaya teburin, hannuwansa a baya. Ya sake zagayawa.

"Harona, wannan wani kofin ne?"

"Shi ne dai. Na gyara shi." Har da murmushina.

Ƙaton nan ya nemi kujera ya zauna. Fuskarsa ta yi fari fat a cikin gemu.

"Ina lotsawar Dani?"

"Wane ne Dani?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi wane ne Annabi Isa. Ya nuna hoton da ke bayan teburin Madam, wani saurayi da sulken gola, wanda kullum nake share wa ƙura ban taɓa tambaya ba. Ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce ya tsare wa garin raga da karyayyen hannu, bai faɗa wa kowa ba. Aka ba shi kofin da ubansa ya ƙera. Ya ɗaga sama, hannun ya ƙi, kofin ya faɗi a kan ƙanƙara ya lotsa, filin ya ɗauki dariya da tafi. Uban ya ce zai gyara, Dani ya ce a bar masa abinsa. Damina ba ta zagayo ba ya rasu a hatsarin mota. Tun daga nan duk wanda ya ci kofin, in zai ɗaga, a wurin yake sa babban yatsansa. Yaran garin da wannan suke girma.

"Madam kuma," in ji Bijimi, "kowace shekara in an kawo shi, takan rufe shago ta zauna da shi. Ba ka lura ba?"

Na lura. Na ɗauka lissafin kaya take yi.

Innalillahi. Gumi ya karyo mini. Garin neman gira na tsokane ido. Bijimi ya tashi, ya dafa kafaɗata, ya bar takalman ya fita.

Na kira Baba Tizhe. Kafin minti ashirin ya faka tasi a ƙofa. Ya ji bayani, ya riƙe kai.

"Kai Haruna, kai da hannunka mai ƙaiƙayi! Wa ya aike ka?" Ya zagaya kofin. "Tsaya. Ka tuna yadda wurin yake?"

"Kamar tafin hannuna."

"To mayar da shi. Kai ba maƙeri ba ne? Buga abinka, kafin mata ɗin ya dawo. Golan ba zai faɗa ba, zan roƙe shi."

"Baba, ƙarya ce fa."

"Ƙarya! Matanka yana kwana a tsakar gidan mutane, kana gaya mini ƙarya? Ni tsohuwana a kogon dutse ya yi wata biyu. In takarda ɗin ya lalace, gaskiya za ka aika musu su ci?"

Ba zan ce maganarsa ba ta shige ni ba. Ya tafi ɗaukar fasinja, na kulle ƙofa, na ɗora kofin a kan jakar yashi. Zan iya. Na san zurfin, na san inda ya karkata hagu, har ɗan ƙarcen da ke gefensa na san yadda zan yi shi. Bugu ɗaya, sai ɗan dattin da zan shafa ya zauna a ciki. Na ɗaga gudumar. Ina jin muryar Rakiya tana cewa yaushe takardar.

Abin da ya tsayar da ni ba tsoron kamu ba ne. Na hango tsohuwar nan ce ta rufe shago, shekara mai zuwa da wadda ke bayanta, ta sa yatsanta a ramin da ni Haruna na buga da rana tsaka, tana zance da ɗanta. Ni kuma ina bayan shago ina wasa takalmi, na sani. Na ɗauke mata abu ɗaya cikin rashin sani. Wannan kuwa da sanina zan yi. Na ajiye gudumar, na zagi kaina, na zagi dillali, na zauna jira.

Da la'asar ta shigo, tana cire safar hannu, tana ba ni labarin ƙanwarta ta samu sauƙi. Ban bari ta kai tebur ba.

"Madam, na yi ɓarna. Wurin da ya lotsa a kofin, na gyara shi. Ban san na Dani ba ne. Ba ki sa ni ba, ni na sa kaina."

Ta tsaya. Ta je ta ɗauki kofin, ta juya shi a hankali, ta sake juyawa, yatsanta yana bin jikin yana nema. Ta kai wajen taga ta duba a haske. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta zauna da shi a cinya, kafaɗunta suka fara rawa. Ni da na ga abubuwa a rayuwa, ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba.

Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Me ya sa ba ka tambaya ba?"

"A wurinmu ba a tambaya. In ka ga abu ya lalace, gyarawa kake yi, shi ne girmama mai kaya."

"Kai ba ka da wani abu da ya fashe, wanda ba ka so kowa ya taɓa?"

Na so in ce ina da shi, don ta ji sanyi. Amma na riga na fara faɗin gaskiya, sai na ƙarasa.

"Babu, Madam. Mu komai namu an fasa. Maƙerar babana an ƙone ta, ƙofar gidana an ɓalle. Da guduma za ta mayar da garinmu yadda yake, da ban bar ko ƙarce ɗaya don tunawa ba. Shi ya sa ban gane ba. Amma yanzu na gane, kuma ba ni da abin da zan biya ki da shi."

Ta ci gaba da kallon kofin. Na matsa na durƙusa a gefenta, na ce ta ba ni hannunta. Ta yi jim, ta miƙo. Na sa yatsanta a cikin kofin, ba waje ba, na bi da shi ƙasa da baki. Ƙarfen da aka buga ba ya komawa yadda yake ta ciki, sawun gudumar yana nan, ƙanana-ƙanana, zagaye da wurin, ido ba ya gani sai yatsa.

"Nan ne. Daidai faɗinsa, daidai inda ya faɗi."

Ta daɗe yatsanta na wurin. Sannan ta zare hannunta ta ce, "Wannan sawunka ne, ba nasa ba. Tafi gida, Haruna."

Na tafi. Asabar ban je ba, ba ta kira ba. Baba Tizhe ya yi fushi da ni, ya zuba mini abinci ya tura da ƙafa, ya ce in ci gaskiya ta ƙoshe ni, daga baya kuma ya dawo ya ƙara mini nama. Rakiya ta kira, na ga sunan, na kasa ɗauka. Saura kwana goma sha ɗaya izinina ya ƙare.

Lahadi da rana za a yi wasa na bakwai, na raba gardama. Da hantsi na ji hon a ƙofa. Motar Madam ce. Ta sauke gilashi ta ce kofin yana da nauyi, bayanta ba zai iya ba, in shiga. Muka nufi filin. Ta ba ni farar safar hannu, na rungumi akwatin, muka tsaya a bakin ƙofar da ake shiga kan ƙanƙara.

Ban fahimci rabin abin da ya faru a wasan ba, hankalina ba ya wurin. Na dai ga ana ta yi wa Bijimi ruwan faifai, yana tarewa da ƙafa, da ƙirji, har da kai. Aka tashi kunnen doki, aka ƙara lokaci, sai guda ɗaya ta zille ta ƙarƙashin hannunsa. Baƙi suka ci gasa. Filin ya yi tsit, Bijimi ya kife a bakin raga bai motsa ba. Aka shimfiɗa jan kafet, mai sanarwa ya ce kafin babban kofi, ga na gwarzo. Ya kira sunan Mak. Kulob ɗinsa ya faɗi, amma ba wanda ya yi gardama, har baƙin suna buga gorarsu a ƙasa.

Na ɗora kofin a tebur. Bijimi ya zo, ido jajir, gemu ya jiƙe. Ya miƙa hannu, babban yatsansa ya tafi wurin da kansa, ya zame a kan santsi. Na ji mutanen layin gaba sun fara ƙus-ƙus, wani ya nuna da hannu. Na ce yau ƙasa ta tsage in shige. Sai Madam ta tako, ta kama ƙaton hannun nan da nata biyu, ta cusa yatsansa cikin kofin, ta danna a wurin. Ta faɗa masa wata magana a kunne. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga shi a haka, yatsa a ciki. Aka yi tafi, amma ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Wani tsoho ya bi ni da harara har muka fita.

A mota ta kunna inji, ba ta ja ba. Ta buɗe jakarta ta ɗauko ambulan ta ɗora mini a cinya. Na buɗe. Takardar lauya ce, ga sa hannunta a ƙasa, ta ƙara layi biyu da biro cewa a shekara arba'in na shagon ba ta ga mai hannu irin nawa ba, kuma mutum ne da ba ya ɓoye laifinsa. Na karanta, rubutun ya dinga narkewa a idona. Na buɗe baki, Turancin ya gudu.

"Kada ka gode mini," ta ce, idonta na kan titi. "Mak ya gaya mini da hannu irin naka, da ka so za ka iya mayar da lotsawar ban sani ba. Ban yafe maka ba tukuna, ban san ranar da zan iya ba. Amma 'yarka ba ta taɓa mini kofi ba."

Ta sa giya.

"Kira matarka. Gobe ƙarfe takwas, kada ka makara."